Mai Taɓa Kan Baba

Na riƙe kawunan mutane da yawa a rayuwata. Kan alƙali, kan mai sayar da kifi, kan wani kanar na soja da ya damƙi rigata yana kiran sunan uwarsa. Aikina ke nan a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Semarang: ni ake turo wa masu jiri, waɗanda ƙasa ta daina tsaya musu wuri ɗaya. Amma har na fara furfura ban taɓa sa hannu a kan mahaifina ba, ko da wasa, ko da kuskure. A garinmu, Delanggu, ba a yin haka. Ɗan da ya taɓa kan ubansa, in ji tsofaffinmu, alhaki zai bi shi har ya ga bayansa. Ba su faɗi ta wace hanya ba, shi ya sa abin ya fi ban tsoro.

Baba, Harjosuwito, ya tsufa ne yana shugabancin wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, irin wadda manyan jirage ke wucewa ba tsayawa, shi kuma ya fito da jar hula ya ƙame musu. Ya so in zama likita. Ranar da na samu gurbin karatun gashin ƙashi a Solo, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wato sai an je jami'a ake koyon tausa? Makafin kasuwa masu tausa wace jami'a suka yi?" Tun daga nan in baƙi suka tambayi aikina sai ya ce, "Yana asibiti," ya tura musu farantin soyayyar ayaba.

An ce namiji ba ya cika sai da abu biyar: gida, mata, doki, wuƙar gado da tsuntsu. Inna ta rasu. Dokin Baba wani baƙin keke ne da tsatsa ta gama da shi. Wuƙar kuwa wani ɗan'uwansa ya ara don bikin 'yarsa, da alama har yau ba a tashi daga bikin ba. Saura gida da kurciyoyi.

Kurciyoyin nan su ne agogon yarintata. Gari na wayewa Baba zai fito da zane da farar singileti, ya wanke keji ɗaya bayan ɗaya, ya zuba gero da ruwa, sannan ya ɗaura kowanne a igiya ya ja shi can ƙololuwar doguwar sandar gora, kamar mai ɗaga tuta. Kurciya ba ta sakin murya sai ta ga ta fi rufin gida tsawo. Sai ya ja da baya, hannu a baya, ya ɗaga kai ya tsaya sauraro. Inna na shara, hayaƙin karan shinkafa na tasowa daga gonaki, amalanken rake na wucewa zuwa masana'antar sukari, shayinsa na hucewa a kan taga ba mai ikon cewa ya sha. Akwai guda da ya fi so, ya sa masa suna Kwandasta, wai don ba ya makara. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa samun yabo mai girman wannan ba.

Wata shekara, farkon damina, yayata Sulastri ta kira ni. Ita ce babba, a Jakarta take aure, kuma tun tana yarinya ba ta iya tambaya ba, sai sanarwa.

"Gunadi, ina gida. Baba ya faɗi."

"A ina?"

"A gindin sandar tsuntsayen nan nasa, ina kuma? Ba shi ne na farko ba, wancan ɓoyewa ya yi. Maƙwabta suka tsince shi rungume da gora kamar ya haɗu da tsohuwar budurwa. Ka taho. Kai ne na asibiti, ko da shara kake yi a can."

Na same shi kwance, tagogi a rufe, ɗaki na warin man zafi. Matan unguwa sun riga sun yanke hukunci cewa sanyi ne ya shige shi, an kankare masa baya da tsohon kwabo har ya yi layi-layi ja. An kai shi wurin likita a Klaten, ya duba jini da zuciya ya ce lafiya lau, tsufa ne, ya ba da ƙwayoyi masu sa barci. Kowa ya yarda da magani ɗaya: kada ya motsa. An jera kejin kurciyoyi a ƙasa a baranda, sun yi tsit kamar masu zaman makoki.

A kicin Sulastri ta karanta mini hukuncinta tana yanka albasa.

"Ranar Lahadi zan tafi da shi. Na sayi tikiti. Akwai ɗaki, akwai na'urar sanyi, ba tsakar gida balle ya faɗi a ciki."

"Tsuntsayen fa?"

"A benenmu ko kyanwa ba a yarda da ita ba. A rabar. Gida kuma a kulle."

"Kin gaya masa?"

"Ya ce to."

Wannan "to" ɗin ne ya tsorata ni. Mutumin da ko gwamnati sai ta maimaita kafin ya amsa.

"Yaya, ki ba ni zuwa Lahadi."

"Ka yi masa me? Tausa?"

"In ya fito ya ja kejin nan da hannunsa, ya ɗaga kai ya kalle shi bai faɗi ba fa?"

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "In ya yi haka a gabana, na bar shi da tsuntsayensa su ci gaba da mulkin juna. In ko ya yi tangaɗi, Gun, tangaɗi kawai, jirgi."

Na shiga ɗakin a sunkuye, na zauna a tabarma ƙasa da gado, yadda aka koya mana.

"Baba, yaya jirin yake zuwa muku?"

"Ba ya sallama."

"In kun ɗaga kai ne?"

"In na ɗaga kai. In na yi ruku'u. In na juya dama a kan gado, sai rufin ɗaki ya tashi kamar fanka."

"Yana daɗewa?"

"Kafin in ƙare Fatiha ya wuce. Sai dai kafin nan na riga na isa ƙasa."

"Kunne na ƙara? Hannu ko ƙafa sun yi nauyi? Magana na sarƙewa?"

"Kai ɗan sanda ne?"

Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Cikin duk abin da ake turo mini, wannan ce cuta mai kunya: in aka kama ta a inda take, tafiya take yi. Na yi masa bayani. A can cikin kunne akwai 'yan tsakuwoyi da ba su kai ƙwayar gishiri ba, suna da mazauninsu. Wani lokaci sukan ɓalle su faɗa wata lanƙwasasshiyar hanya da ba tasu ba. Kai na motsawa su gangara, kunne ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya cewa duniya na juyawa.

"Tarago ya shiga layin da ba nasa ba," in ji shi.

"Haka ne, Baba."

"Sai a mayar da shi."

"Shi ne aikina. Za ku kwanta a gadon gora na baranda, kai ya ɗan sauka ta bakin gadon, sai in riƙe in juya shi a hankali..."

"Ka riƙe me?"

"Kan, Baba."

"Kan wa?"

Na dubi tabarma. Saƙarta ba ta canja ba tun ina firamare.

Ya gyara hularsa, wadda ko a kwance tana kansa. "Gunadi, ban raine ka don in tura ka halaka da hannuna ba. Kana da 'ya'ya. Gara in tafi Jakarta in zauna a akwatin nan nata na sama."

Abin da ya ɗaure ni ke nan. Ba girman kai ba ne kaɗai, tsakani da Allah mutumin nan kare ni yake yi. Ni ma kuma, mai digiri, mai zana wa ɗalibai sassan kunne a allo, da na kwatanta tafin hannuna a ƙeyarsa sai da tsikar jikina ta tashi. Jami'a zuba kaya take yi a kai, ba ta share abin da ta tarar.

Washegari da hantsi Kawu Ponimin ya iso a kan keke, akwatin aski ɗaure a baya. Shi ke yi wa Baba aski tun kafin a haife ni, shi ya yi mini askin jarirai. Haƙoransa sun ragu, surutunsa na nan cif. Aka lallaɓa aka fito da Baba baranda aka zaunar. Ponimin ya haɗa hannuwa ya ce, "A gafarce ni sau dubu, Maigida," ya cire hular, ya kama kan nan ya karkata shi gefe kamar mai zaɓen kankana. Baba ko ƙifta ido bai yi ba. Mai aski ba ɗa ba ne, alhaki bai san gidansu ba.

Yana gamawa na ja shi bayan gida.

"Kawu, so nake in koya maka aikin asibiti."

"Yau? Ina da aski a gidan liman."

Na samo kwakwa, na zana mata ido da hanci da gawayi, na ɗora masa a hannu. Juya dama rabi. Kwantar. Jira. Juya hagu. Jira. Mirgina mutum a gefensa, hanci ya kalli ƙasa. Jira. Tayar.

"Gashin masara ke nan," in ji shi.

"A hankali, Kawu. Wuya ne, ba murfin kwalba ba."

"Yaro, ina riƙe da kan mutane reza a maƙogwaronsu tun ubanka na da gashin tajewa. Ba wanda ya mutu. Waɗanda suka mutu ma a gidajensu suka mutu."

Kwakwar ta suɓuce masa ta gangara kwata. Ya bi ta da kallo ya ce laifinta ne, ba ta da kunnen riƙewa.

Baba bai yi gardama sosai ba. "In Ponimin ne, aski ne," in ji shi. Sharaɗinsa ɗaya: ni in zauna ƙasa daga gefe, in yi magana, in riƙe hannuwana a aljihu.

Bayan la'asar Ponimin ya dawo da sabuwar riga, ya ce likita ba ya aiki da ta jiya. Sulastri ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Baba na zaune a gadon gora ƙafafu miƙe, ni ina durƙushe kusa da kusurwar gadon, inda zan iya ganin idonsa.

"A gafarce ni sau dubu, Maigida."

"Juya dama, Kawu. Ya isa. Yanzu kwantar da shi, da ɗan sauri, ka tallafe ƙeya."

Ya kwantar. Sai idanun Baba suka fara rawa, suna murzawa suna dawowa, daidai abin da nake jira in gani. A asibiti wannan ne lokacin da nake cewa madalla. Na manta ban gaya wa Ponimin ba. Kwakwa ba ta yi masa haka ba.

"Tsayar da shi!" Baba ya ƙwala ihu, da muryar da ban taɓa jin yana da ita ba. "Ponimin, tsayar da rufin nan!" Ya kai hannu ya damƙi sabuwar riga.

"Innalillahi! Idonsa na juyawa! An shige shi!" Ponimin ya saki kan, ya fizge rigarsa, ya yi tsalle ɗaya ya tsinci kansa a tsakar gida.

Kan tsoho na lilo a bakin gado, ba abin da ke riƙe da shi sai tsohon wuya. Ban yi shawara da kowa ba. Hannuwana suka fito daga aljihu suka yi abin da suka saba.

Abin da na fara lura da shi, ba nauyi. Kan da dukan gidanmu muka girma muna kewaye shi kamar rijiya, ashe ko na yaron makaranta ya fi shi cika hannu. Da ɗumi. Sabon aski na sukar tafina. Bayan kunnensa na dama akwai wani tsohon tabo da ban taɓa sanin yana da shi ba, har yau kuma ban san inda ya samo shi ba.

"Ku buɗe ido, Baba. Zai wuce. Ku karanta Fatiha."

Ya karanta da sauri kamar mai gudun ruwan sama. Kafin ya kai ƙarshe idanun suka lafa. Suka tsaya a kaina. Yana kallona daga ƙasa, fuskata a kife a saman tasa, kusa har ina jin numfashinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Hannun wane ne wannan?"

Sulastri ta sauke hannunta. Daga can gindin sandar gora, inda ko da sanda ba zai iya taɓa gadon ba, Ponimin ya gyara murya.

"Nawa ne, Maigida."

Baba ya lumshe ido. "To. Ci gaba, Ponimin."

Haka muka yi. Ni na juya kan zuwa hagu, Ponimin daga tsakar gida ya ce, "A gafarce ni sau dubu." Na jira jiri ya lafa, na mirgina shi a gefensa, Ponimin ya sake neman gafara. Da ya ga abin na tafiya sai ya samu ƙarfin gwiwa ya fara ƙarin bayani: "Yanzu zan tayar da ku, Maigida, kada ku ji tsoro, na saba." Sulastri ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. Na tayar da shi, na riƙe kafaɗunsa har ya zauna daram. Bayan ya huta muka maimaita. A karo na biyu idanun ba su motsa ba.

Na koma ƙasa na zauna. Ponimin ya matso ya mayar masa da hula. Baba ya dubi bangon baranda, ya dubi rufi a hankali kamar mai leƙa ɗakin da ake tsoron akwai maciji. Rufi ya zauna inda kafinta ya bar shi.

"Ponimin ya iya aiki," in ji shi.

"Ilhama ce, Maigida."

Sauran kwanakin aikina na kullum ne, sai dai da sunan wani. Mutumin da ya daɗe a kwance ƙafarsa na manta ƙasa, kuma tsoron faɗuwa kansa kayar da mutum yake yi. Na buɗe tagogi, na kira likitan Klaten muka yarda a ajiye ƙwayoyin barci. Kowace safiya sai in durƙusa in ce, "Baba, Kawu Ponimin ya ce ku riƙa tafiya daga ƙofa zuwa rijiya, kuna waiwaye dama da hagu." Ko kuma, "Kawu Ponimin ya ce ku kafa wa kejin can ido, ku riƙa girgiza kai kamar mai cewa a'a."

"Wannan na iya," in ji shi.

Ran Lahadi gari ya waye da ƙanshin ruwan da aka yi jiya. Sulastri ta riga ta fito da akwatunan, har da nasa, ta jera a baranda don kowa ya san ba wasa take ba. Baba ya fito da zane da farar singileti. Bai dubi akwatunan ba. Ya wanke kejin Kwandasta, ya zuba gero, ya ɗaura igiya. Na tsaya a bayansa kusa yadda zan iya tare shi, nesa yadda ba zai ce na tare shi ba. Ya ja, hannu bayan hannu, keji na lilo yana hawa har ya wuce rufi. Ya ɗaure igiyar. Ya ja da baya, ya mai da hannu baya, ya ɗaga kai.

Tsuntsun ya ɓata lokaci, ya gyara fiffike, ya leƙa unguwa ya ga abin da ya canja. Sannan ya saki murya, doguwa a farko, ta gangaro ta ƙare da wannan amo mai zurfi kamar an buga ƙaramar ganga. Baba bai motsa ba. Maƙogwaronsa a miƙe, ƙafafunsa a kafe.

"Ya isa, Baba," in ji Sulastri. "Na gani."

"Bai gama ba."

"Na ce na gani!"

Ta sunkuci akwatinsa da kanta ta koma ciki da shi, muna jin tana buɗe durowa tana rufewa da ƙarfin da durowa ba ta yi laifinsa ba.

Baba ya ƙara damina da dama a gidan nan, yana faɗa da mu ta waya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mai askinsa ya gagari likitocin Klaten. Suna ya bi Ponimin har ƙauyuka. Sai da na sake zuwa na roƙe shi da girman Allah ya koma reza, bayan an fara kawo mini mutanen da ya murɗe wa wuya saboda ciwon haƙori.

Ni na raka Sulastri tasha a ranar Lahadin nan. Muna tsaye a dandamali, ga sabon shugaban tasha, yaro ne, jar hularsa ta yi masa yawa.

"In ya sake faɗuwa, kai zan kira," in ji ta.

"Ki kira."

"Kowane wata ka zo ka duba shi. Ba sai an mutu ba."

"Zan zo."

Ta mai da ido kan layin dogo. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Yaya yake?"

"Me?"

"Kan."

"Kai ne, Yaya. Kamar na kowa."

"Maƙaryaci."

Jirgi ya shigo. Na taya ta hawa da kaya. Da ma tun a hanyar tasha ta tsaya ta sayi buhun shinkafar garinmu, don ta ce ta Jakarta kamar takarda take a baki. Ba wurin sa shi a sama, sai ta ɗora shi a kujerar da ta saya wa Baba, ta kusa da taga, ta gyara masa zama don kada ya kife.